Rinjayen ƙuri'a ya isa a sauya lasisin darussan da muka rubuta tare?

Tambaya: Mu malaman sakandare ne a arewacin Nijeriya, kusan mutum arba'in. Mun yi shekaru muna rubuta darussan lissafi da kimiyya cikin harshen Hausa muna sakawa a intanet kyauta, ƙarƙashin lasisin CC BY-NC-SA, ɗaya daga cikin lasisin Creative Commons (CC) da ke ba jama'a izinin amfani da rubutu kyauta, wanda ya hana kasuwanci da su. Yanzu muna so mu koma CC BY-SA domin a iya ɗaukar wasu sassa zuwa Wikipedia ta Hausa, kuma wata maɗaba'a ta buga su ta sayar da araha. Mun yi ƙuri'a a zaurenmu na WhatsApp, mafi yawa sun yarda. Mutum biyu sun ƙi, wasu ba su ce komai ba, wasu mun rasa lambarsu, ɗaya kuma Allah ya yi masa rasuwa. Rinjayen ya isa mu sauya?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan abokin aikinku, ya sa abin da ya rubuta ya zame masa sadaka mai gudana. Amsar ita ce a'a, rinjaye bai isa ba. Ƙuri'ar ta yi amfani, domin ta nuna inda ƙungiya ta dosa, amma ba ta ba ku ikon taɓa rubutun wanda bai ce ya yarda ba. Duk da haka aikin mai yiwuwa ne, kuma a ganina ya cancanci wahalar da za ku sha a kansa.

Tushen maganar shi ne wa ya mallaki darussan. Mutane kan ɗauka cewa tunda an yi aikin da sunan ƙungiya, aka kuma tara shi a shafi ɗaya, to na ƙungiya ne. Ba lallai ne doka ta kalli abin haka ba. Haƙƙin mallaka yana tabbata ga marubuci tun daga lokacin da ya rubuta abinsa, ba sai ya je ya yi rajista ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa miƙa wa wani wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. To idan babu wata takarda da kowane malami ya sa wa hannu cewa ya miƙa wa ƙungiya haƙƙinsa, masu mallakar darussan nan kusan arba'in ne, kowa da rabonsa. Lasisin da ke ƙasan shafinku izini ne da kowannensu ya ba jama'a a kan nasa rubutun, bisa sharaɗin da ya gindaya. Abin kamar gidan gado ne: ko magada tara sun yarda a sayar, yardarsu ba ta sayar da rabon na goma.

Haruffan lasisin naku sharuɗɗa uku ne. BY na nufin a ambaci sunan marubuci, NC na nufin ban da kasuwanci, SA kuma na nufin duk wanda ya sarrafa aikin ya saki nasa da irin wannan lasisi. Cire NC ba gyaran rubutu ba ne. Izini ne sabo da marubucin ya riƙe bai bayar ba tun farko, kuma shi kaɗai ke da ikon bayar da shi. Da a ce matsawa kawai kuke so ku yi daga siga ta 3.0 zuwa ta 4.0 a cikin lasisi iri ɗaya, da da sauƙi, domin lasisin da kansa ya yarda a saki abin da aka sarrafa ƙarƙashin sabuwar sigarsa. Amma babu wata ƙofa a cikinsa da ke fita daga NC. Kuma gaskiyarku ne game da Wikipedia: rubutunta yana ƙarƙashin CC BY-SA, ba ta karɓar abin da aka hana kasuwanci da shi, haka ma rumbun hotunanta na Wikimedia Commons.

Na san wani cikinku zai ce ai Wikipedia ita kanta da ƙuri'a ta sauya lasisinta. An yi ƙuri'ar, amma ba ita ta buɗe ƙofar ba. Tun farkonta Wikipedia tana amfani ne da lasisin GFDL, wanda aka tsara don littattafan bayanin manhajar kwamfuta, kuma yana da nauyi: ko shafi ɗaya za ka buga, sai ka haɗa da cikakken rubutun lasisin. Sai dai duk wanda ya yi rubutu a can ya amince da wani ɗan layi da ke cewa aikinsa yana ƙarƙashin wannan siga ta lasisin ko duk wata siga da za ta biyo baya. Da wannan layin aka yi aiki. Gidauniyar Free Software Foundation, mai lasisin, ta fitar da siga ta 1.3 a watan Nuwamba na 2008, ta sa sashen da ya ba shafukan haɗin gwiwa irin Wikipedia damar komawa CC BY-SA 3.0 kafin 1 ga Agusta 2009. Bayan nan ne aka yi ƙuri'a a watannin Afrilu da Mayu na 2009, mutum fiye da 17,000 suka kaɗa, kusan kashi 76 cikin ɗari suka goyi baya. Wato yardar marubuta ta riga ta samu tun ranar da suka danna maɓallin ajiye rubutunsu. Ƙuri'ar ta yanke ne ko a yi amfani da wannan yarda ko kada a yi. Ku ba ku da irin wannan layi.

Akwai kuma waɗanda suka yi abin da kuke shirin yi, ba su ji daɗinsa ba. A watan Satumba na 2019 kamfanin Stack Exchange, mai shafukan tambaya da amsa, ya sanar cewa duk rubutun da ke shafukansa ya koma CC BY-SA 4.0 daga 3.0, ba tare da tambayar marubuta ba. Ka lura, wannan matsawa ce a cikin lasisi iri ɗaya, ba ta kai taku nisa ba, amma marubutan suka tayar da ƙura. A 2020 kamfanin ya koma ya bayyana cewa kowane rubutu yana nan a kan lasisin da ke aiki ranar da aka rubuta shi.

Misalin da ya fi kama da halinku shi ne na OpenStreetMap, taswirar duniya da 'yan sa-kai ke zanawa. Sun so su tashi daga CC BY-SA 2.0 zuwa lasisin ODbL wanda ya fi dacewa da rumbun bayanai, kuma ba su da gajeriyar hanya irin ta Wikipedia. Sai suka bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Daga 2010 duk sabon shiga sai ya amince da sababbin sharuɗɗa, tsofaffi kuma aka yi ta aika musu saƙo ana neman amsarsu. Waɗanda suka ƙi da waɗanda ba su amsa ba, hukuncinsu ɗaya: a watan Yuli na 2012 aka saki wata manhaja ta bi taswirar tana cire gudummawarsu, kafin sabon lasisi ya fara aiki a ranar 12 ga Satumba 2012. Abin da ya tsira ya haura kashi 99 cikin ɗari, amma asarar ba ta rabu daidai ba. Ƙasashe irin su Ostireliya da Poland sun yi asara mai yawa, sai da mutane suka koma suka sake zana hanyoyin da aka goge. Mozilla, masu manhajar shiga intanet ta Firefox, su ma haka suka yi wajen sauya lasisinsu, suka kwashe daga 2001 zuwa 2006 suna neman ɗaruruwan mutane. Ku mutum arba'in ne kawai, kuma galibi kun san garuruwan juna.

Kafin ku tambayi kowa, ku fara gano wa ya rubuta me. Ku ɗauki darussan ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta sunan wanda ya yi daftarin farko, da waɗanda suka ƙara sakin layi, misali, zane ko tambayoyin gwaji. Idan shafinku yana ajiye tarihin gyare-gyare, ya rage muku aiki. Idan babu, tsofaffin saƙonnin zaure da imel za su taimaka. Wanda ya gyara ƙugiyar ƙ da ɗ ko ya sa waƙafi kawai bai ƙirƙiri abin da doka ke karewa ba. Ku tambaye shi don girmamawa, amma rashin amsarsa ba zai tsayar da darasi ba.

A wannan binciken ne za ku ci karo da abin da ya fi mutum biyun da suka ƙi hatsari, wato kayan da ba na kowa cikinku ba ne. Zanen zuciya da aka ɗauko daga littafin bayoloji, hoton da aka samo a Google, tambayoyin WAEC ko NECO da aka kwafo yadda suke, darasin da aka fassara daga wani wuri. Ko duk ku arba'in kun sa hannu, yardarku ba ta shafi waɗannan. Fassara ta fi ruɗa mutane, domin mai fassara yana jin ya sha wahala, kuma lallai yana da haƙƙi a kan fassararsa, amma haƙƙin mai asalin rubutun yana nan a ƙarƙashinta. Misali, kayan MIT OpenCourseWare, wato darussan da jami'ar MIT ta Amurka ke sakawa a intanet kyauta, suna ƙarƙashin CC BY-NC-SA. Idan wani cikinku ya fassara darasi daga can, dole fassarar ta zauna a kan wannan lasisi, ba yadda za ku yi ta koma CC BY-SA sai da izinin masu shi. Abin da aka ɗauko daga tushe mai lasisin CC BY kuwa yana iya shiga sabon tsarinku, muddin kun ambaci masu shi. Haka nan idan akwai darasin da aka rubuta a wani taron bita da ma'aikatar ilimi ko wata ƙungiyar tallafi ta ɗauki nauyi, ku nemo takardar yarjejeniyar ku karanta, domin tana iya cewa haƙƙin nasu ne. A nan ne kaɗai zan ce ku nuna wa lauya takarda kafin ku ci gaba.

Sai batun tambayar kanta, kuma a nan nake so ku fi yin taka-tsantsan. Yardar da aka samu ba tare da mutum ya fahimci abin da ya yarda da shi ba, rigima ce aka ajiye don gaba. Ku faɗa wa kowa ƙarara cewa bayan sauyin, duk wata maɗaba'a a Kano ko Zariya ko Legas, ko ma a wata ƙasa, tana iya buga darasinsa ta sayar ba tare da ta ba shi ko kwabo ba, kuma ba sai ta sanar da shi ba. Abin da ke kanta kawai shi ne ta ambaci sunansa, ta nuna lasisin, ta faɗi idan ta yi gyara, ta kuma saki gyaran nata da irin wannan lasisi. Ku faɗa masa kuma cewa lasisin Creative Commons ba a janye shi: idan ya yarda yau, ya sauya ra'ayi baɗi, wanda ya riga ya karɓi kwafi yana nan da izininsa. A ɗaya ɓangaren, ku kwantar masa da hankali cewa ba mallakarsa yake miƙawa ba. Rubutunsa nasa ne, yana iya sa shi cikin littafinsa ya sayar duk lokacin da ya so.

Kada a yi wannan tambaya a cikin zaure. Ka san halinmu na kara. Idan tsohon firinsifal ko malamin da ya koyar da rabin 'yan zauren ya riga ya rubuta cewa ya amince, ƙaramin malami ba zai iya ɗaga hannu ya ce shi bai yarda ba, ko da abin yana ci masa rai. Ina zargin wasu cikin masu shirun naku a nan suke. A bi kowa shi kaɗai, kuma wanda zai bi shi ya zama sa'ansa, ba shugabansa ba.

Kalmomin yardar su zama gajeru kuma iri ɗaya ga kowa, kamar haka: "Ni wane, na amince a saki duk gudummawar da na bayar a cikin darussan kaza ƙarƙashin lasisin CC BY-SA 4.0. Na fahimci cewa wannan ya halatta kasuwanci da su, kuma ba zan iya janye wannan izini ba. Ga yadda nake so a rubuta sunana." Sai kwanan wata. Dokar Nijeriya ta yarda irin wannan izini da ba a keɓe wa mutum ɗaya ba ya kasance da baki, amma shekara biyar nan gaba wa zai tuna abin da aka faɗa a waya? Imel ko takarda mai sa hannu da aka ɗauki hotonta sun fi. Idan saƙon WhatsApp ne ko na murya, a fitar da shi daga wayar a ajiye a wuri biyu, a hannun mutum biyu, domin waya tana ɓacewa.

Masu shiru da waɗanda kuka rasa lambarsu, ku sa musu wa'adi mai faɗi, kamar wata uku, ku nema ta makarantun da suka koyar, ta abokai, ta 'yan'uwa. Amma kada ku rubuta cewa duk wanda bai amsa ba kafin ranar kaza an ɗauka ya yarda. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana, kuma a nan ta yi daidai da doka. Wa'adin naku ne, don ku san ranar da za ku daina jira ku fara sake rubuta sashensa, ba ranar da shirunsa zai zama sa hannu ba.

Marigayin kuma haƙƙinsa bai mutu tare da shi ba. A Nijeriya haƙƙin rubutu yana ci gaba har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu, kuma ana gadonsa kamar sauran dukiya. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, ba ya halatta a yi musu ta'adi. Don haka ku je wurin iyalinsa da kanku, ku yi musu bayani irin wanda kuka yi wa sauran, har da batun cewa wani zai iya cin riba da rubutun su ba su samu komai ba. Kada ku tsaya a kan yardar babban ɗa ko ɗan'uwa shi kaɗai sai idan sauran magada sun wakilta shi, kuma idan akwai marayu ƙanana sai an bi ta mai kula da dukiyarsu. Iyalai da yawa za su yi murna ilimin mamacinsu ya yaɗu da sunansa a jiki. Idan kuka ga akwai saɓani a gidan, kada ku matsa, ku sake rubuta sashen kawai.

Mutum biyun da suka ƙi, ku saurare su kafin ku yi ƙoƙarin shawo kansu. Tsoronsu ba na banza ba ne. Malamin da ya kwana yana rubutu kyauta ba ya son ya ga wani ya kwashe ya yi kuɗi da shi. Ni ga abin da zan ce musu. A wuraren da data ke da tsada kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, takarda ce ke kai darasi hannun ɗalibi, kuma ba mai buga takarda kyauta. NC yana hana mai gaskiya ne, wanda zai tsaya ya karanta sharaɗi. Wanda ba ruwansa da sharaɗi ba ya jiran izini. Sannan sharaɗin SA kariya ce mai ƙarfi: wanda ya buga ba zai iya kulle aikin ya ce nasa ne ba, idan ya tsuga kuɗi wani zai buga ya sayar ƙasa da nasa, kuma kwafin intanet yana nan kyauta. Idan kuma fatansu wata rana a sayar da haƙƙin bugawa a raba kuɗi, su tuna cewa wannan ma zai dawo da batun neman yardar masu mallaka, wato wahalar da kuke ciki yanzu. Bayan wannan bayani, idan suka tsaya a kan bakansu, haƙƙinsu ne, kuma bai kamata a yi musu kallon masu hana ruwa gudu ba.

Wani abu da zai iya rage muku gaggawa: idan buƙatar kawai ɗalibai su samu kwafi ne, NC bai rufe wannan ba. A Amurka ƙungiyar Great Minds, mai darussan lissafi na Eureka Math ƙarƙashin CC BY-NC-SA 4.0, ta kai kamfanin FedEx ƙara saboda makarantu suna biyan shagunansa kuɗin fotokwafin darussan. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce makarantar ce mai amfani da lasisin, shagon aiki kawai ta ba shi, don haka ba a karya sharaɗi ba. Hukuncin bai ɗaure kotunan Nijeriya ba, amma hujjarsa tana da ma'ana: makaranta ta biya mai fotokwafi ta raba wa ɗalibanta daban ne da maɗaba'a ta buga da jarinta ta kai kasuwa. Na biyun ne ke buƙatar sauyin da kuke nema.

Wajen sake rubutu akwai tarko. Idan wanda ya ƙi shi ne ya yi daftarin farko na darasi, mutum biyar suka zo suka yi gini a kai, cire jimlolinsa kawai ba ya wanke darasin, domin tsarinsa da misalansa suna nan a ciki. Sauya kalmomi a bar ƙashin bayan ma ba ya wankewa. Abin da doka ke karewa shi ne yadda mutum ya tsara bayaninsa, ba ilimin kansa ba. Ba wanda ya mallaki ƙa'idar Pythagoras ko yadda tsiro ke sarrafa hasken rana. Don haka a ba wani malami kan darasin daga manhajar karatu, ya rufe tsohon rubutun, ya rubuta nasa daga farko da misalansa da lambobinsa. Tsohon darasin kuma ba sai an goge shi ba. Yana iya zama a wani sashe na shafin da lasisinsa na da a rubuce a jikinsa, muddin ba a cakuɗa shi da sabon a cikin darasi ɗaya ba.

Tunda za ku bi kowa, ku yi amfani da damar ku rufe wannan ƙofa don gaba. OpenStreetMap sun sa a cikin sababbin sharuɗɗansu cewa nan gaba ana iya komawa wani lasisin, muddin buɗaɗɗe ne na kyauta, idan mambobin gidauniyarsu suka amince kuma kashi biyu cikin uku na masu ba taswirar gudummawa a lokacin suka kaɗa ƙuri'ar yarda. Ku rubuta irin wannan a takardarku, a matsayin sashe na daban da mutum zai iya amincewa da shi ko ya ƙi, kuma duk sabon malami ya sa hannu kafin rubutunsa na farko ya hau shafi. Daga nan ne ƙuri'a za ta yi ƙarfi a ƙungiyarku, domin kowa ya riga ya yarda ta ɗaure shi.

Kuma ba sai kun jira mutum na arba'in ba. Lasisi yana bin darasi ne, ba shafin gaba ɗaya ba. Duk darasin da marubutansa suka amsa, aka kuma tabbatar babu kayan wani a ciki, ku sauya masa lasisi a jikinsa tare da sunayensu da kwanan watan sauyin, ku cire sanarwar bai-ɗaya da ke ƙasan shafi ku maye gurbinta da wadda ke cewa a duba lasisin kowane darasi. Maɗaba'ar ta fara da waɗannan, ku ba ta jerin sunayensu a rubuce, sauran su biyo baya a bugu na gaba.